Wata takwas ina aiki da firintar sel: abin da take iya yi wa hanji da abin da ba ta iya ba

Tun ranar da na saka hoton wani dan farin bututu a cikin faranti mutane suka dame ni da tambaya, wai da gaske ne an fara buga hanjin mutum da firinta? Akwai ma wani bawan Allah da ya turo min sako yace an yanke wa kaninsa hanji da yawa, ko za mu iya buga masa sabo a saka masa. Wallahi sakon nan ya tsaya min a rai. Shi yasa nace bari in zauna in yi bayanin na'urar nan dalla-dalla, tunda yau wata takwas kenan hannuna na kanta kusan kullum, kuma na san akwai dalibai da masu bincike da suke ta shawarar ko dakin gwajinsu ya dauki irinta. Sunan kamfanin ba zan kama ba saboda ina da korafi a kansu, kuma gaskiya firintocin wannan ajin kusan duk jirgi daya ne ya kwaso su, abin da zan fada ya shafi mafi yawansu.

Ita dai na'urar irin ta kan tebur ce, ba ta kai karamin firij ba, mutum biyu za su dauke ta su saka a cikin akwatin nan mai tace iska da ake aikin sel, wato kwayoyin halittar da suka gina jiki, a ciki. Tana da kai guda uku, kowanne ana makala masa sirinji, iska ce take turo abin da ke cikin sirinjin ya fito ta allura kamar yadda kake matso man goge baki, kan kuma yana zagayawa yana zana siffar da ka ba shi a kwamfuta, layi a kan layi. Abin da ake zubawa a sirinjin shi muke ce wa tawada, wani jel ne mai kauri da aka cakuda da sel masu rai. Akwai fitila mai shudin haske da take daskarar da jel din, faifan da ake dora faranti kuma ana iya dumama shi ko a sanyaya shi. Ranar da aka bude kwalin har oganmu sai da ya sauko daga ofis ya zo yana zagaya ta, muka buga wani dan kunne da jel din gwaji wanda babu sel a ciki, ya fito tsaf, kowa na ta daukan hoto. To ashe wannan kunnen shine abu mafi sauki da za ta taba yi mana.

Don hanji ba kunne bane. Mutane suna daukansa kamar tiyo, abu ya shiga ta nan ya fita ta can, alhali karamin hanjin babban mutum da ya kai wajen mita 6 cikinsa shimfide yake da wasu 'yan mitsi-mitsin yatsu kamar gashin tawul, bilai ake ce musu, tsawon kowanne rabin milimita zuwa milimita 1, kuma su ne suke sa fadin wurin tsotsar abinci ya kai kusan murabba'in mita 30. A gindin yatsun akwai 'yan ramuka inda iyayen sel suke zaune suna ta haihuwa, 'ya'yan suna hawa sama har su kai kan yatsa su fadi, cikin kwana 3 zuwa 5 an sake fatar cikin gaba daya. Bayan wannan fatar akwai jijiyoyin jini, akwai hanyoyin da suke dauke kitse, akwai tsoka hawa biyu, daya ta zagaye daya ta bi tsawo, sannan ga jijiyoyin sako nasa na kansa da suke sa shi motsi ba tare da ya jira umarnin kwakwalwa ba. Duk wannan kake so ka ce wa sirinji da allura su yi maka.

Kuma ba don sha'awa ake wahalar ba. Babban mutum idan abin da ya rage masa na karamin hanji bai kai santimita 200 ba ya shiga layin masu gajeren hanji, wasu saboda cutar kumburin hanji da ake kira Crohn, wasu jini ne ya daina zuwa hanjin ya mutu, wasu murdewa ya yi, ga jarirai bakwaini da hanjinsu yake rubewa dole a yanke. Da yawansu ta jijiya ake ciyar da su, shekara da shekaru da layi a kirji, layin yana kawo kwayar cuta cikin jini, hanta kuma tana gajiya. Dashen hanji ana yi amma yana cikin dashen da jiki ya fi saurin ki. Akwai allurar teduglutide da Amurka ta amince da ita a 2012, tana sa ragowar hanjin ya kara tsotsa, amma ba ta mayar da wanda aka yanke.

Yanzu tawada, don a nan rigimar take. Da aljinet muka fara, wanda ake samu daga ciyawar teku, ka buga shi ka zuba masa ruwan kalsiyam nan take ya daskare, na'urar nan tana son aljinet kamar me, layi yake fita sumul babu gardama, idan bako ya zo dakin gwaji shi muke bugawa. Sai dai sel basa samun wurin kamawa a jikinsa, ka duba a madubin nan mai girmama kananan abubuwa bayan kwana uku ka gansu a dunkule kowanne shi kadai kamar bakon da bai san kowa a gida ba, basu mutu ba amma basu yi komai ba. Sai GelMA, wato jelatin da aka yi wa dan gyara yadda haske zai daskarar da shi, da sinadarin LAP mai amsa haske da fitilar nan mai shudin haske ta nanomita 405, shi sel suna kama shi sosai amma dan rainin hankali ne wajen zafi, ya dan dumama ya zama ruwa ya kwarara a faranti, ya dan huce ya zama kulli-kulli yana fita kamar tsutsa, kuma tsakanin biyun tazarar digiri kadan ce. A nan zan yaba wa kan da yake rike zafi, idan ka saita shi ka ba shi kamar minti ashirin ya zauna yana rikewa daidai, matsalar kawai babu inda aka rubuta maka ka jira, da kanmu muka gano bayan mun yi asarar sirinji ba daya ba ba biyu ba.

Amma sel din hanji na gaskiya, ba aljinet suke so ba ba GelMA ba. Tun 2009 da Toshiro Sato yana dakin gwajin Hans Clevers a cibiyar Hubrecht da ke Utrecht a kasar Holan ya nuna cewa kwayar uwar sel guda daya tal mai alamar Lgr5, idan ka saka ta a wani jel da ake kira Matrigel ka ba ta sinadaran girma EGF da Noggin da R-spondin, za ta gina dan karamin hanji da ramukansa da kanta, wanda muke kira oganoyid, tun daga nan kusan kowa da Matrigel ko dan uwansa yake aiki. Matrigel din kuma daga wani kari na bera ake tatso shi, shi yasa ba a maganar saka shi a jikin mutum, kuma sanannen abu ne cewa kwalbar wannan zubin bata zama daidai da ta wancan ba. Halinsa kuma kishiyar jelatin ne, a digiri 4 ruwa ne, da ya wuce digiri 10 ya fara kamewa, kolajin, wato furotin din da ke rike fata da nama, shi ma haka yake, a kan kankara ake hada shi. Kaga kenan duk wanda zai yi aikin hanji rayuwarsa gaba daya ta rataya a kan sanyi.

To a nan na'urar ta ci amanata. A takarda an ce kan yana sanyaya har digiri 4, kuma ba karya suka yi ba, jikin sirinjin yana sanyi. Amma allurar fa? Ita a waje take tsirara, tana shan dumin cikin akwatin da fankar injin da fitila suke kara wa zafi. Wani dare ina da oganoyid da na yi sati uku ina reno, kullum canjin ruwa har ranar hutu, na farfasa su na hada da jel a kan kankara hannuna har ya daina ji, na makala allura mai lamba 25 na danna. Layin farko ya fita lafiya. Na tsaya kamar minti biyu ina gyara faranti na biyu, na dawo na danna, shiru. Na kara iska, shiru, na kara, kan yana ta zagaye faranti yana zana iska babu abin da yake fita, na sake karawa sai ji nayi fut, toshiyar ta balle, rabin sirinjin ya tafi a wuri daya kamar majina. Na kwashe abin da zan iya kwashewa na saka a inkubeta ina ta addu'a. Washegari na zuba rinin da yake nuna mai rai kore matacce ja, na leka madubi, filin nan jawur sai dan kore nan da can kamar an yayyafa. Da safe oga ya shigo yace yaya aikin jiya, nace ranka ya dade allura ce ta toshe, ya leka madubin ya dade bai dago ba, sannan yace to Allah ya sa kin ajiye wasu a firiza. Na ajiye, amma sati uku sun tafi.

Maganin da muka samu ba daga kamfani ya zo ba. Malamin da yake kula mana da injina ne ya fafe wani dan guntun alminiyom ya yi wa allurar riga wadda take manne da jikin kan, sanyin yana gangarowa har kusa da baki, sannan allura da sirinji da komai a firij suke kwana, kuma na koyi in bar jel din yana dan diga a gefe maimakon in tsayar da shi cak. Tun daga nan toshewa ta ragu sosai. Abin haushin shine na rubuta musu da hotuna da komai, amsar farko ta dauki kwanaki kuma abin da ke ciki shine in tabbatar na karanta littafin na'ura, wanda na karanta har ya fara yagewa. Sai a sako na uku aka hada ni da wata injiniya ta bidiyo, ita kam ta san aikinta, cikin rabin awa ta gano har da wani bawul da yake zubar da iska a kai na biyu, aka turo sabo. Wato mutanen kirki suna ciki, kai wa gare su ne aiki.

Sai maganar siranta, wadda ita ce talla ta fi yi wa karin gishiri. Allura mai lamba 22 raminta wajen maikiron 410 ne (maikiron dubu ne milimita daya), mai lamba 25 wajen 250, mai lamba 27 wajen 200, kuma zaren da yake fitowa kullum ya fi ramin fadi saboda yana bajewa kafin ya kame. Idan ka rage allura dole ka kara iska, idan ka kara iska sel suna gogar bangon allura suna mutuwa, kaga gaba kura baya sayaki. Na yi wata guda cur ina kokarin buga 'yan yatsun nan a tsaye, abin da nake samu wasu 'yan tsibi-tsibi ne masu kan tulu, da an zuba ruwa su kwanta. Karshe muka hakura muka koma mazubi, a buga siffar da firintar roba mai amfani da haske wadda ta fi wannan siranta nesa ba kusa ba, a zuba silikon a cire, sannan a zuba kolajin a ciki. Duk wanda burinsa yatsun hanji ne kawai, wannan na'urar ba ita yake nema ba.

Inda ta burge ni shine bututu. Akwai dabarar da Adam Feinberg da mutanensa na jami'ar Carnegie Mellon suka fitar a 2015, FRESH suke ce mata, maimakon ka buga a iska sai ka buga a cikin wani kwababben jelatin da yake rike zaren a inda ka ajiye shi, kolajin ya kame a ciki, ka saka a digiri 37 jelatin ya narke ya bar maka abinka. Ranar da na fara ganin bututun kolajin yana fitowa daga cikin ruwan yana lilo shi kadai da raminsa a bude wallahi sai da na kira kowa, shine ma hoton da ya jawo duk wannan surutun. Haka kuma wani jel da ake kira Pluronic, ka buga zare da shi ka rufe da jel, ka saka a firij ya zama ruwa ka zuke, ya bar maka hanya a ciki. A irin hanyar nan muke shuka Caco-2, sel din nan da aka samo daga kansar babban hanji tun shekarun 1970, basu da tsirfa ko kadan, ka basu kwana 21 su jeru su rufe bango kamar fatar hanji. Kuma abin da hannu ba zai taba ba ka ba shine maimaici, faranti mai rami 24 ta cika shi kowane rami iri daya, da da hannu nake yi da bututun awo kowane digo da girmansa.

Amma akwai aikin da ya sauke min girman kai game da injin gaba daya. A 2020 dakin gwajin Matthias Lutolf na jami'ar EPFL a Lausanne ta kasar Suwizalan suka fitar da aikin da suka buga bututun hanji da ya kai santimita, da ramukansa da rami a tsakiya, kuma basu zana ko yatsa daya ba. Sel suka tara da kauri kusan babu jel a ciki, suka ja layi daya mike a cikin Matrigel da kolajin kafin ya kame, sai sel din suka hade da kansu suka bude rami suka fitar da ramukan gindi inda ya kamata. Abin da suka yi amfani da shi kuma sirinji ne da aka hada da madubi, suna kallo suna ja. Mun gwada kwatankwacinsa da tamu, bayan faduwa da yawa ya fara yi, kuma abin da na lura duk lokacin da na rage wa na'urar aiki na bar wa sel sai abin ya fi kyau. Nan kuma wani rashi nata ya fito, babu kyamarar kirki da zaka ga bakin allura a cikin jel, da tocilan waya nake lekawa ta gefe ina murguda wuya.

Manhajar ba zan bata baki a kanta ba, tana karbar fayil din STL, wato zanen siffar, ta yanka shi layi-layi, don abu mai sauki ta isa, da ka so wani abu na daban sai ka bude G-code, wato rubutaccen umarnin motsin kan, ka gyara da hannu. Saitin tsayin allura na kai-da-kai da suke alfahari da shi sau biyu yana soka min allura a gindin faranti, yanzu da takarda nake yi. Sirinjin kuma sai nasu ne yake zama daidai.

To dan uwa mai kani, ga gaskiyar magana. Iskar oksijin bata ratsa nama fiye da maikiron 100 zuwa 200 idan babu jijiyar jini, duk abin da na buga da ya fi haka kauri tsakiyarsa mutuwa take, kuma babu firintar da ta warware wannan a girman hanjin mutum. Bututuna bashi da tsoka, baya motsi, bashi da jijiyar sako, idan likita ya soka masa zaren dinki yagewa zai yi. Ana ci gaba kam, dakin gwajin James Wells a asibitin yara na Cincinnati sun hada oganoyid din hanjin mutum daga iyayen sel a 2011, a 2014 suka dasa shi a jikin kodar bera ya girma ya yi tsoka, a 2017 suka saka masa jijiyoyin sako har ya rika motsi. A 2021 Sato da yanzu yake jami'ar Keio a Japan suka cire fatar cikin wani yanki na babban hanjin bera suka shuka ta karamin hanji a wurin, wato maimakon a gina sabon bututu a ari wanda jiki ya riga ya yi wa jini da tsoka, ni dai wannan dabarar ta fi kwanta min fiye da duk abin da nake bugawa. A 2022 kuma likitoci a Tokyo suka saka wa mai gyambon babban hanji oganoyid da aka reno daga jikinsa don ya like gyambon. Ka lura mafi yawan wadannan babu firinta a cikinsu, kuma faci ne ko gwajin bera, babu wanda aka saka wa bugaggen hanji cikakke. Duk wanda yace maka zai buga wa kaninka a biya shi, ka rike kudinka ku koma wajen likitansa.

Amfaninta na yau shine samfurin gwaji, a ga yadda magani yake ratsa bangon hanji, yadda kwayar cuta take kamawa, yadda sabon jel yake karbar sel, balle tun Disambar 2022 da Amurka ta cire wajabcin gwada kowane sabon magani a kan dabba kafin mutum, irin wadannan samfuran sun kara daraja. A wannan aikin zan ba ta uku cikin biyar, da allurar tana sanyi da kyamara da ta ci hudu. Dakin gwajin da bai riga ya iya renon oganoyid da hannu ba kada ya fara da ita, zata zauna ne a lullube da leda. Wanda kuma ya riga ya iya yana son dauka, idan suka zo nuna maka kada ka yarda su buga maka kunne da jel dinsu, ka kawo naka kolajin din a kan kankara, ka sa su buga layi daya, ku tsaya hira minti uku, sannan kace su danna na biyu.